Babba a Takarda

Har gobe ba zan manta da ranar da na tsaya a gaban majalisa a Vénissieux, a gefen birnin Lyon, na karanta wata jimla da kowa a zauren ya san ba haka abin yake ba, doka kuma ta ce dole in karanta. Ku da kuka karɓi aikin sakatariya yanzu kuna yawan ƙorafi cewa na takura muku da sashen kunnen doki, wai abu ne da ba zai taɓa faruwa ba. To, ya faru, kuma a hannuna ya faru, don haka ku gyara zama.

Bari in fara da bayani saboda sababbin cikinku. Tarayyarmu ta haɗa ƙungiyoyin masu jin Hausa na biranen Faransa: 'yan Nijar, 'yan Cadi, 'yan arewacin Kamaru, sai mu 'yan Nijeriya da yawanmu bai taka kara ya karya ba. A wancan lokacin babban aikinta shi ne mayar da gawa gida, da tarbar baƙo, da sasanta rigima kafin ta kai ga hukuma. An ɗauke ni sakataren majalisa a tsakiyar shekarun 2000, ofishina ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon ɗinki a Montreuil, a gefen Paris. Ba don na fi kowa Faransanci aka ɗauke ni ba, Allah ya sani har yau idan na buɗe baki yara dariya suke yi. Ni Bakano ne, ba ni da ɓangare a cikin gardamar mutanen Damagaram da na Maraɗi, shi ya sa. Ga shi kuma Damagarawa abokan wasana ne, ina iya gaya musu abin da wani ba zai iya ba.

Sakataren majalisa ba ya jefa ƙuri'a, ba ya faɗin ra'ayi. Nasa shi ne kiran zama, ƙirga ƙuri'a, da rubuta rahoton zaman, wanda mutanenmu suke kira pe-ve. Duk sa'ad da aka sauya shugabanni, ana aika kwafin rahoton zuwa ofishin perefe, wato hukumar da ke rajistar ƙungiyoyi. Ƙa'idar rubutun ɗaya ce, ku riƙe ta da kyau. Duk wanda mai jagorancin zama ya ba shi izinin magana, abin da ya faɗa yana shiga rahoto kamar yadda ya faɗe shi. Wanda ya yi magana ba da izini ba, hayaniya ya yi, ba a rubuta hayaniya.

Tsarin mulkin tarayyar ɗalibai ne suka rubuta shi tun kafin in zo, 'yan boko masu karatun shari'a a Paris, kuma da gani ka san sun so su nuna sun yi karatu. Da suka zo kan tambayar me za a yi idan zaɓen shugaba ya tashi kunnen doki, sai suka leƙa yadda ƙasashe suke yi. A Amurka, idan manyan masu zaɓe suka kasa fitar da shugaban ƙasa, magana takan koma majalisar wakilai, kowace jiha ƙuri'a ɗaya, babba da ƙarama. A wasu ƙasashen da majalisa ce take zaɓen shugaba, sai a yi ta maimaita zagaye har wani ya sare, a wasu kuma a rushe majalisar a koma ga jama'a. Su Faransawa kuwa suna da tasu al'ada: a zaɓen magajin gari ko na shugaban majalisa, idan an yi zagaye na uku aka tashi daidai, wanda ya fi shekaru shi ya ci. 'Yan bokonmu suka ɗauki kan Amurka suka ɗora a kan wutsiyar Faransa. Suka rubuta cewa idan 'yan ƙungiya suka yi kunnen doki, magana ta koma majalisa, kowane birni ƙuri'a ɗaya, zagaye uku. Idan na ukun ma bai raba ba, sakatare ya duba ranar haihuwar 'yan takara a takardunsu na hukuma, ya karanta wanda ya fi shekaru a bainar jama'a, shi ne shugaba. Na tabbata lokacin da suke rubutawa sun ji daɗi, sun ce ai wannan ya yi daidai da al'adarmu ta girmama na gaba.

A farkon shekarun 2010 aka yi zaɓen da nake ba ku labari. 'Yan takara biyu ne, dukansu Damagarawa. Na Lyon shi ne Alhaji Sanusi, mutum gajere mai faɗin kafaɗa, yana aikin ɗaukar kaya a wani babban sito a bayan gari. Na Paris shi ne Malam Habibu, direban bas. Abin da ya raba su maganar makabarta ce. Malam Habibu yana ganin lokaci ya yi da za a nemi filin binnewa a nan, tunda 'ya'yanmu a nan za su zauna. Alhaji Sanusi yana ganin a ci gaba da mayar da kowa gida. Wannan ne kawai tsakaninsu, don a gida ɗaya suka tashi. Mahaifin Habibu ya rasu yana ƙarami, mahaifin Sanusi ya ɗauke shi ya riƙe. Sanusi ne ya goya shi, shi ya koya masa tafiya kasuwa, kuma duk tsawon kamfe ban taɓa jin Habibu ya kira shi da wani suna ba sai Yaya. Rassansu ne suka tura su takara, kowannensu ya ji kunyar ƙin mutanen garinsa.

Ranar ƙirga, da na haɗa sakamakon dukkan birane, sai na ga lamba ɗaya sau biyu. Na ce a raina idona ne. Na sake, wakilan 'yan takara suka sake, muka kira wani ɗan Cadi mai aikin akanta ya sake. Daidai da daidai. Sai na buɗe tsarin mulki a shafin da ban taɓa buɗewa ba tun da aka ɗauke ni aiki.

Majalisa ta zauna a Montreuil. Mai jagorancin zama a shekarar Hajiya Fanta ce, 'yar Garwa mai sayar da atamfa a Marseille, mace mai sanyin murya da ba a yi mata gardama sau biyu. Birane takwas ne a majalisar, kuma wannan ma wani aikin 'yan boko ne, don ba wanda ya tuna cewa takwas tana rabuwa biyu. Zagaye na farko huɗu da huɗu. Aka sha shayi, aka yi ta shige da fice a baranda, aka dawo. Zagaye na biyu huɗu da huɗu. Hajiya ta ɗage zaman zuwa mako mai zuwa, kuma bisa tsarin karɓa-karɓa, zama na gaba a Lyon zai kasance. Ta umarce ni in karɓi takardun 'yan takara in duba kafin ranar.

Da kwafin katunansu na izinin zama a ƙasa suka iso ofis na ajiye su gefe da gefe, sai da na yi salati. A takarda, Malam Habibu ya girmi Alhaji Sanusi.

Wannan ba wani asiri ba ne, duk wanda ya fito daga ƙasashenmu ya san yadda ake yi. Habibu ɗan masinjan gwamnati ne, an rubuta haihuwarsa a ranar da aka haife shi. Sanusi kuwa ɗan majemi ne, uban ya riƙe shi a majema yana taya shi aikin fata har ya wuce shekarun shiga lakwal, wato makarantar boko. Da aka zo ɗaukar yara, malamin ya dube shi ya ga ƙaramin jiki ne, ya zaftare masa shekaru ya rubuta. Da zai yi jarrabawar fita aka sake zaftarewa. Ranar haihuwa kuwa ɗaya ga Janairu, kamar rabin tarayyarmu, har nakan tsokane su in ce iyayen Damagarawa rana ɗaya suke haihuwa a shekara. Da wannan takardar ya yi fasfo, da ita ya shigo Faransa, a kanta aka gina katin zamansa, da takardun 'ya'yansa, da fayil ɗinsa na fansho. Saboda ita ne ma yake ɗaukar kwali a sito a shekarun da sa'o'insa suka yi ritaya. Shekara biyu suka rage masa a takarda.

Kafin kwana biyu magana ta zagaya. Matasan Lyon suka fara bugo mini waya, ko gaisuwa ba sa ƙarasawa. Suka ce idan zagaye na uku ya tashi daidai, Alhaji ne babba, kowa ya sani, a kawo Alƙur'ani kowa ya rantse da shekarunsa na gaskiya. Na ce musu tsarin mulki takardar hukuma ya ce, bai ce rantsuwa ba. Ɗaya ya ce mini ai dama ku 'yan Nijeriya ba ku san girman manya ba. Na ce masa ya je ya tambayi Alhajin ko shi ya aiko shi, na kashe wayata. Raina ya ɓaci ranar, ba na ɓoyewa.

A Paris kuma akwai wani wakili da muke kira Metir, laƙabin lauya a Faransanci, ya yi karatun lauya bai ƙarasa ba, amma ya fi lauyoyin son kotu. Shi ya zo ofis da kansa, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce idan aka kauce wa sashen ko da harafi ɗaya, ko aka matsa wa ɗan takararsu ya janye, to shi da kansa zai kai rahoton zaman gaban alƙali. Na san zai iya. Kuma na san abin da hakan yake nufi, ko da shi bai yi tunanin nan ba: alƙali zai karanta rahoto, idan a ciki akwai wanda ya ce shekarun Alhaji Sanusi na takarda ba su ne na gaskiya ba, to an buɗe ƙofar da ba wanda ya san inda za ta kai. Mai yiwuwa a share, mai yiwuwa kuma a dakatar da fansho a ce sai an yi bincike, a taɓa katin zama, a taɓa na yara. Mutum ya yi shekara da shekaru yana lallaɓa takardunsa, a zo a kwance masa a zama ɗaya saboda kujerar da ko albashi ba ta da shi.

Ana saura kwana uku sai ga Malam Habibu, da rigar aikinsa, ya tashi daga tuƙi. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce shi ya yanke shawara. Idan aka kai ga sashen shekaru, zai nemi izini ya miƙe ya gaya wa majalisa cewa Yaya ya girme shi, takarda ce ta yi ƙarya, shi ya janye. Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce janyewa bayan magana ta shiga majalisa tana rushe zaɓen gaba ɗaya, Metir kuma yana jira. Na ce duk abin da ya faɗa da izini sai na rubuta, ba ni da ikon tsallake kalma. Ya saurare ni har na gama, ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam Kabiru, ni in zauna a karanta cewa na girmi mutumin da ya goya ni? A gaban 'ya'yansa? Da wane ido zan koma Damagaram?"

Na ce masa girmamawar da yake so ya yi ita ce za ta cuci Yayan nasa. Ya ce Allah ba zai bari gaskiya ta cuci kowa ba. Ku kun san irin mutumin nan, kirki ya yi masa yawa har ya toshe masa kunne. Na raka shi bakin tashar jirgin metro, muka rabu kowa da abin da ke ransa.

Aikina ya ce sai na ga ainihin katin kowane ɗan takara da idona, kwafi bai isa ba. Na Habibu na gani a ofis. Don haka ana gobe zama na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Alhaji Sanusi ya ce in same shi a unguwar La Guillotière bayan la'asar, a wani ɗan shagon shayi na Larabawa inda yake tsayawa idan ya tashi aiki. Na same shi ya riga ni, ya jingina bayansa da bango yadda masu ciwon baya suke yi. Yana ganina ya ce ga Bakano an zo cin arzikin Damagarawa. Na ce ai ku ne kuka kasa ƙirga kanku har sai da kuka ɗauko Bakano. Muka yi dariya, ya ciro katin ya miƙo mini. Na duba na mayar masa.

Daga nan na gaya masa duk abin da na gaya wa Habibu game da ƙa'idar rahoto, don abin da sakatare ya faɗa wa ɗan takara ɗaya dole ya faɗa wa ɗayan. Na kuma gaya masa abin da Habibu ya ƙudura, tunda shi abin zai faɗa wa. Ya daɗe yana juya kofin shayi a hannunsa. Ya tambaye ni ko akwai hanyar da za a ba Habibu kujerar ba tare da an karanta maganar shekaru ba. Na ce in dai zagaye na uku ya tashi daidai, babu. Ya tambaya ko in ya roƙi wani birni daga nasa ya koma wa Habibu. Na ce wannan ba da ni za a yi shawararsa ba, amma shi ma ya san wakilai da umarnin garuruwansu suka zo. Ya ce haka ne, kuma ba zai sa wani ya ci amanar garinsa saboda shi ba. Sai ya ce in faɗa masa kalmomin da zan karanta, ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa masa da Faransanci, na faɗa masa da Hausa, don da harsunan biyu ake karantawa. Ya ce in sake na Hausar. Na sake.

Ya ce, "Wanda bai karɓi izini ba, ka ce ba a rubuta maganarsa?"

Na ce ba a rubutawa. Ya ce to, madalla, ya kira mai shago ya biya, ya ce in zo mu je gida in ci tuwon Damagarawa ko na yi hankali.

Washegari aka yi zaman a wani zaure da aka ara a Vénissieux, a ƙarƙashin dogayen benayen unguwar. Ni ban taɓa ganin zaman majalisa ya cika haka ba. Wakilai takwas ne a tebur, amma 'yan kallo har bakin ƙofa, mata a gefe ɗaya da yara, matasan Lyon a baya sun harɗe hannu. 'Ya'yan Alhaji maza biyu suna cikinsu. 'Yan takarar suna zaune a layin gaba, kujera ɗaya ce tsakaninsu, ba kowa a kanta. Metir ya zo da jaka kamar mai zuwa kotu.

Hajiya Fanta ta buɗe da addu'a, ta ja kunne cewa duk wanda ya yi magana ba izini za a fitar da shi. Na kira birane da sunayensu, kowane wakili ya zo ya jefa takardarsa a akwati. Na buɗe a gaban kowa, ina ɗagawa ina nunawa. Ina kai ta ƙarshe na ji zauren ya ɗauki numfashi. Huɗu da huɗu. Hajiya ta dube ni ta ce sakatare ya karanta sashen da ya biyo baya. Na karanta sashen, na ce takardun 'yan takara suna hannuna, na gan su da idona.

Nan Malam Habibu ya ɗaga hannu, ya fara miƙewa. Hajiya ta juyo wajensa. Ni alƙalamina yana kan takarda, don da zarar ta ce bismillah Malam, shi ke nan, sai abin da ya fito daga bakinsa. Ba ta kai ga buɗe baki ba Alhaji Sanusi ya yi magana daga inda yake zaune. Bai ɗaga murya ba, bai ma juya ya dube shi ba.

"Habibu, zauna."

Habibu ya tsaya a rabin miƙewa, hannunsa a sama. Ya ce, "Yaya, ka bar ni in..."

"Na ce ka zauna. Ka sauke hannun nan."

Mutumin da ya doshi shekara sittin, mai furfura, wanda rabin birane suka tsaya a bayansa, ya sauke hannu ya koma ya zauna kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya sunkuyar da kai. Hajiya Fanta, Allah ya saka mata, ta yi kamar ba ta ji komai ba, ita da ta ce za ta fitar da mai magana ba izini. Ta tambaya ko akwai mai neman izini. Ba wanda ya ɗaga hannu. Wani matashi a baya ya fara cewa wannan zalunci ne, Alhaji ya waiwaya ya dube shi sau ɗaya, matashin ya haɗiye sauran. Hajiya ta ce sakatare ya ci gaba.

Na miƙe. Na karanta da Faransanci tukuna, wannan bai yi mini wuya ba, harshen ba nawa ba ne. Da na zo na Hausa sai da na sha ruwa. Na ce, bisa takardun hukuma, Malam Habibu shi ne babba, Alhaji Sanusi shi ne ƙarami, saboda haka Malam Habibu ne shugaba. Haka fassarar take tun asali, da babba da ƙarami a ciki, ban isa in sauya ba. Ban ɗaga kai daga takardar ba sai da na gama. Ba wanda ya tafa. Alhaji Sanusi ne ya fara tashi, ya tsallake kujerar da ke tsakaninsu ya miƙa wa sabon shugaba hannu. Habibu ya kama hannun da hannu biyu yana neman durƙusawa, Alhaji ya riƙe shi ya hana shi kaiwa ƙasa. Metir ya ɗauki jakarsa da bai buɗe ba ya fita.

Bayan an watse na zauna a tebur ina kammala rahoto don Hajiya ta sa hannu kafin jirginta. Ana ta naɗe kujeru. Sai na ji an ja kujera kusa da ni, Alhaji Sanusi ne. Ya ce in karanta masa abin da na rubuta. Na karanta: zagaye na uku, sakamako, sashen da aka yi amfani da shi, sunan wanda ya ci. Ba wanda ya nemi izinin magana. Ya tambaya ko akwai wani abu a ciki da zai sa a neme shi. Na ce babu ko ɗaya. Ya yi hamdala. Na so in tsokane shi kamar yadda muka saba, na ce to yau dai Bakano ya mayar da kai yaro, amma ina duban fuskarsa na fasa. Idonsa yana can ƙarshen zauren inda 'ya'yansa suke tsaye suna jiransa, ba su zo kusa ba.

Ya ce, "Jiya da ka karanta mini sau biyu, na ɗauka na shirya. Wallahi Malam Kabiru, da ka ce ƙarami ɗin nan, sai da na ji shi har cikin ƙashina."

Na ce masa ya yi haƙuri. Ya ce ba laifina ba ne, aikina na yi, kuma da na tsallake kalma ɗaya da ya raina ni. Ya dafa tebur ya miƙe a hankali saboda bayan, ya ce bari ya tafi, gobe da sassafe akwai manyan motoci biyu da za a sauke.

Ya yi shekara biyun nan a sito, ya sami ritayarsa ba tare da kowa ya taɓa fayil ɗinsa ba. Malam Habibu ya yi wa'adinsa, kuma ƙudurin farko da ya kawo majalisa shi ne a cire sashen shekaru. Yanzu idan zagaye na uku ya tashi daidai, sunaye biyu ake sawa a hula a kira baƙo ya zaro ɗaya, kamar yadda kuka gani a littafinku. An kuma ƙara birni na tara.

Abin da nake so ku ɗauka daga wannan shi ne, dokar raba kunnen doki ba a rubuta ta don ta zaɓi wanda ya fi cancanta ba, an rubuta ta ne don rigima ta ƙare a ranar, kuma kowace iri ce sai ta taka wani. Faransawa sun zaɓi shekaru saboda a wurinsu ranar haihuwa abu ne da ba a gardama a kansa. Mu muka ɗauko ba mu tambayi yadda mutanenmu suka sami nasu ranakun ba. Saboda haka duk sashen da za ku rubuta ko za ku ara, ku zauna ku ɗauki mutum biyu da kuka sani a cikin jama'ar nan, ku sa sunayensu a ciki, ku karanta da ƙarfi da Hausa ku ji yadda yake a kunne. Idan kuma ranar ta zo, ku karanta abin da aka rubuta ba ragi ba ƙari, don mutanen nan sun fi ku sanin abin da za su yi da shi. Ni dai na karanta nawa daidai, ba wanda ya taɓa ce mini na yi kuskure, amma har na bar aikin ban sake iya tsokanar Alhaji Sanusi ba.